Ana ta maganar sikirin, mu kuma analok ne ke cin kuɗinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sababbin na'urorin gem da kamfanoni ke ta sanarwa, saboda ni sana'ata gyaran hannun gem ce, kuma gaskiya abin da ake zuzutawa a intanet daban ne da abin da yara ke kawowa kan teburina.

Duk sanarwar da za a yi yanzu maganar sikirin ake fara yi. Switch 2 ta Nintendo ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, sikirin na taɓawa inci 7.9, hannuwanta da maganaɗisu suke mannewa, har ana iya goga su a tebur kamar linzamin kwamfuta, kuɗinta lokacin da ta fito wajen dala 450 a Amurka. To madalla. Amma fa a tuna su Nintendo ɗin nan sun taɓa cusa sikirin a tsakiyar hannun gem kansa, a 2011 a taron baje kolin gem na E3 a Los Angeles suka nuna Wii U da hannu mai sikirin inci 6.2, aka yi ta tafi, sai ga shi mutane da yawa sun ɗauka wai sabon hannu ne kawai da za a haɗa da tsohuwar Wii, ba su ma gane sabuwar na'ura ba ce. Wii ta sayar sama da miliyan 100, ita Wii U ko miliyan 14 ba ta kai ba, har shugabansu na lokacin Satoru Iwata ya yanke rabin albashinsa a 2014, farkon 2017 kuma aka daina ƙera ta.

Ni ban yi mamaki ba wallahi. Ka je gidan gem ka tsaya bayan yaro yana buga ƙwallo, idonsa na kan tibi ko ƙiftawa ba ya yi, babban yatsa ne ya san inda fasin yake ya san inda shot yake, da ji yake ganewa ba da gani ba. Gilas kuwa sumul yake babu abin da yatsa zai ji, dole sai ka sunkuya ka duba, kafin ka ɗago an zura maka. Ga batirin hannun Wii U awa 3 zuwa 5 ya mutu, ga shi hannu ɗaya tak mai sikirin na'urar ke ɗauka, to a ɗakin da yara shida ke layi wa za a ba? Ko wancan faifan taɓawa da Sony ta sa a hannun PS4 a 2013, yawancin wasanni danna shi kawai ake a buɗe taswira.

Ba wai ina ƙin taɓawa ba ne gaba ɗaya fa. DS, ƙaramar na'urar gem mai sikirin taɓawa da Nintendo ta fitar a 2004, ta yi kasuwa sosai, sama da miliyan 150, domin inda kake taɓawa nan idonka yake.

Abin da ke ci min rai shi ne analok, wato sandar nan ta hannun gem da ake turawa da babban yatsa. Yawanci hannun gem idan ka kwance shi za ka ga a gindin sandar akwai wani ɗan zobe baƙi da ƙaramin ƙarfe ke gogawa, da haka na'ura ke sanin ina ka tura, to yau da gobe zoben ya cinye, ƙurar hunturu ta shiga, gumi ya shiga, sai ka ajiye hannu a ƙasa ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Mu fesa mu goge ya yi sati biyu ya dawo, ƙarshe sai an cire da dalma an sa wani, mai gidan gem kuma shi ke biya daga ɗan cinikin da ya yi bayan kuɗin man janareta. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a ƙasashen waje ma an yi ta ƙorafi kan hannun Switch ta farko har shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a 2020. Maganin kuma sananne ne, akwai analok mai aiki da maganaɗisu wanda babu gogayya a cikinsa, kamfanin Sega ya sa shi a hannun na'urarsa ta Dreamcast tun 1998, amma Nintendo da bakinsu suka ce ba shi ne a hannun Switch 2 ba. An samu maganaɗisun manna hannu a jikin sikirin amma ba a samu na cikin analok ba, haba!

Roƙona ga masu rubuta muku labaran fasaha, idan an sanar da sabuwar na'ura kar a tsaya a faɗin sikirin da kyan hoto, a gaya mana wane irin analok ne a ciki, ana iya kwance shi a canza ko sai an sayi hannu sukutum, kuma nawa ne hannun shi kaɗai. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Naku,
Mai gyaran hannun gem, Kano