Sanarwa: Fita Aiki Marinar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum ƴan uwa malamai da ɗalibai.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 8 na safe, za mu haɗu a bakin Gidan Makama, daga nan mu wuce marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Manufar ita ce mu haɗa gajerun bidiyo na nazarin al'adun ɗan Adam waɗanda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai kalla ya ƙaru.

Kowa ya zo da waya a cike da caji, da Naira 2,000 ta mota da ihsani ga masu rini. Za mu kasu uku-uku: mai tambaya, mai ɗauka, mai rubuta sunayen kayan aiki.

Don Allah kada wanda ya ɗaga waya don ɗaukar bidiyo sai an gaisa, an faɗa wa dattijo inda bidiyon zai je, ya amince da bakinsa. Ku bar tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce. Ku tambaye shi wa ya koya masa, yaya ake haɗa baba da toka, ta yaya yake gane ruwan ya nuna. Idan ya tsamo zane, kada ku yanke ɗauka: da kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, wannan minti ɗayan ya fi dogon bayani riƙe mai kallo. Wayar ta matso kusa da bakinsa, in ba haka ba ƙarar mabuga da ababen hawa za ta cinye muryar.

Kowane bidiyo kada ya wuce minti 3. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin daren Alhamis.

Allah ya kai mu lafiya, na gode.