A duba ƙarfin wuta kafin a ƙara ƙararrawa ta biyu a gida

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu.

Gidanmu a Ƙofar Doka yake, ginin da ne: zaure, tsakar gida, sai ɗakin Inna can ƙurya. Ƙararrawar ƙofa kuwa tana falona, dab da zaure. Da rana ina wurin aiki, yara suna makaranta, ga kunnen Inna ya yi nauyi. Ran nan yaron da ke kawo mata maganin hawan jini ya yi ta dannawa har ya gaji ya juya. Ranar ba ta sha magani ba, ni kuma ban yi barcin kirki ba.

Washegari na sayo wata ƙararrawar a kasuwar Sabon Gari, na kira mai gyaran wuta. Ya ja waya, ya haɗa, muka danna. Duka biyun sai wani gurnani suke yi kamar ƙudan zuma a tulu. Ya ce sabuwar ce jabu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Wani dattijo a sana'ar ne ya gano matsalar. Tsohuwar tamu da ƙaramar taransifoma take aiki, mai rage wutar gida daga bolt 230 zuwa 16, kuma ƙarfinta VA 10 ne (VA shi ne ma'aunin nauyin da taransifoma ke iya ɗauka), na ƙararrawa ɗaya tak. Ya sauya ta da mai VA 30. Ya kuma warware haɗin farko, inda wuta sai ta ratsa ta ɗaya kafin ta kai ga ɗayar, ya ba kowacce nata reshen daga wayoyi biyun da ke kawo wutar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gargaɗinsa. Akwai ƙararrawa masu kukan tsuntsu a kasuwa da ke shan 230 kai tsaye. In aka gwama su da ta taransifoma, ko ta ƙone, ko wuta ta ja mai dannawa, balle da damina hannu a jiƙe. Don Allah masu shago ku riƙa tambayar mai saye wace iri ce a gidansa, masu gyara kuma ku karanta abin da ke rubuce a jikinta, ku kashe babban makunni kafin ku taɓa waya.

Mara waya ma na gwada, amma katangar lakarmu ta yi mata kauri.

Yanzu ƙararrawa ta biyun tana saman ƙofar Inna, da an danna sai ka ji Inna tana ƙwala wa jikokinta kira su je zaure.

Naku mai karatu,
daga Ƙofar Doka, Zariya