Kawu, kai ma da sifika ka ci abinci: amsata ga ɗana mai kiɗa a Jidda

Assalamu alaikum ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Na ga tambayar da ka rubuta a Facebook har ka ambaci sunana, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan ba ka amsa, domin waɗanda suka yi ta tofa albarkacin bakinsu su ma su ji. Abin da ka ce a taƙaice shi ne: gidan gahawar da kuke kiɗa a cikinsa daren Alhamis da Juma'a yana da lasisi, hukuma ta yarda da kiɗa a ƙasar nan ta Saudiyya, ka auna ƙarar da wayarka ba ta kai ta kawo ba, masu ƙorafin kuma kiɗan ne ba sa so tun fil azal. To ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaura sifika a gidajen bikin Jidda da Makka, me ya kai ni sa hannu a takardar ƙorafin da mazauna benen suka kai wa umda, wato mai unguwa?

Na sa hannu, kuma in aka sake kawo ta gobe zan sake sawa.

Ba ka yi ƙarya ba da ka ce zamani ya juya. Mu a lokacinmu a ɗakunan biki da istiraha (gidan shaƙatawa na haya) ta bayan gari muke sana'ar nan, ƙofa a garƙame, ido ɗaya a kan mikisa (na'urar daidaita sauti), ɗaya a kan titi ko motar 'yan hai'a, wato 'yan hisbar ƙasar nan, za ta ɓullo. A 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannunsu, a shekarar kuma aka kafa Hukumar Nishaɗi. A farkon 2019 shugabanta Turki Al-Sheikh ya sanar cewa za a riƙa ba gidajen abinci da na gahawa izinin kiɗa kai tsaye. Yau ga ka nan kana buga fiyano a fili, ana biyanka, kana ɗora hoto ba ka tsoron kowa. Wallahi ina taya ka murna. Ba ka kuma yi ƙarya ba cewa cikin masu sa hannun akwai dattijon da ko da raɗa kuke kiɗan sai ya yi ƙorafi. Na san shi, sahu ɗaya muke sallah. Shi ɗaya ne, benen kuwa gida takwas ne.

Sai dai gwamnatin da ta buɗe muku ƙofa, ita ce a watan Satumban 2019 ta fitar da dokar ladubban zaman jama'a mai laifuka 19. A cikinsu akwai ɗaga sautin kiɗa a unguwar da mutane ke zaune har mazauna su yi ƙorafi, tarar riyal 500, in an maimaita 1,000. Akwai kuma kunna kiɗa lokacin kiran sallah da lokacin sallah, riyal 1,000, in an sake 2,000. Lasisin da ke manne a bangon shagonku ya ba ku damar yin kiɗa a cikin shagon. Babu inda ya ce ku kai shi ɗakin kwanan mutanen sama.

Kafin ka ce kiɗa kawai aka sa wa ido, tuna abin da ya faru a watan Mayun 2021. Ministan harkokin addini, Sheikh Abdullaɗif Al-Sheikh, ya ba da umarni cewa lasifikar waje ta masallatai ta tsaya ga kiran sallah da iƙama, sautinta kuma kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Dalilin da ya bayar ƙorafin iyayen yara ne da tsofaffi da marasa lafiya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, ni kaina akwai abin da ban gamsu da shi ba a ciki. Amma maganar tana da asali: a hadisin Abu Sa'id al-Khudri, Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hane su cutar da juna da ɗaga murya a kan juna. Karatun Alƙur'ani ke nan, ɗana. Saboda haka ni ban ma shiga gardamar halarcin kiɗa ko haramcinsa ba, wannan na bar wa malamai. Maganata barcin mutane ce.

Yanzu mu zo kan wayarka, don nan ne sana'ata take, kuma nan ne kuka ruɗi kanku ba da gangan ba.

Ka ɗora hoton allon waya yana nuna desibel 45 (ma'aunin ƙarfin ƙara) a bakin matakala, ka ce ko hira ta fi haka ƙara. Lambar gaskiya ce. Matsalar ita ce yawancin manhajojin nan suna awo ne da ma'aunin da ake kira A, wanda aka tsara shi ya kwaikwayi kunnen mutum, shi kuma wannan ma'auni yana zubar da sautin ƙasa, wato bes. Sautin da yake kan 50 Hz, wato mai girgiza sau 50 a daƙiƙa, ma'aunin yana rage masa kimanin desibel 30 kafin ya nuna maka lamba. Ƙaramin makirufon waya ma can ba ya kama bes yadda ya kamata. Abin da ya fi damun mutanen sama shi ne ainihin abin da wayarka ba ta gani.

Muryar mawaƙinku da saman fiyanonka bango yana tare su, tagar gilashi ma tana rage su, ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ya rufe sauran. Bes ba haka yake ba. Zangon igiyar sauti mai 50 Hz ya kusa mita 7, bulo mai kaurin taƙi ɗaya ba wani abu ba ne a wurinsa. Ga shi kun ajiye manyan akwatunan bes guda biyu a kan tayil tsirara, a kusurwa, jikin ginshiƙin kankare. Kusurwa tana ƙara wa bes ƙarfi, ginshiƙin kuma shi ne ya hau har bene na huɗu. Ba ta iska kaɗai sautin ke tafiya ba, ginin ne da kansa yake rawa.

Na hau wurin Hajiyar da ke saman dandamalinku wani daren Alhamis, ƙarfe ɗaya ta gota. Taga a rufe, na'urar sanyi tana aiki. Ban ji waƙar da ake yi ba, da za ka tambaye ni Larabci ce ko Hausa ba zan iya faɗa ba. Abin da na ji dum, dum, dum ne a ƙirjina da tafin ƙafata. Kofunan shayi da ke kan faranti suna ta ƙaf-ƙaf da junansu, har ta sa tsumma a tsakaninsu. Jikokinta biyu ta shimfiɗa musu katifa a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, don nan ne ya fi nisa da ginshiƙin. Matar nan tana fama da hawan jini. Ba ta ce mini kiɗa haramun ne ba. Cewa ta yi, "Alhaji, ka roƙar mini su, ko sha biyu ce su riƙa tsayawa." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce don barci mai kyau, ƙarar da ke ci gaba a ɗakin kwana kada ta wuce desibel 30, kuma sauti mai bugu irin wannan ya fi ƙugi mai tafiya bai ɗaya tayar da mutum, don kunne ba ya sabawa da shi.

Akwai wani abu kuma da duk mai riƙe mikisa ya sani, ko da ba ya faɗa. Sautin ƙarfe tara ba shi ne sautin ƙarfe ɗaya ba. Idan wuri ya cika, jikin mutane yana shanye sauti, hira tana ƙaruwa, kunnen mai mikisa kuma yana gajiya, sai ya ga kamar kiɗan ya yi sanyi. Ya ɗan tura. Bayan rabin awa mawaƙi ya yi masa alama da yatsa cewa ba ya jin kansa, ya ƙara turawa. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara biyu, kuma cikin dare ɗaya ana iya kaiwa nan ba wanda ya lura a cikin shagon. Lokacin da titi ya yi tsit, lokacin ne ku kuke kan ganiya. Da wane lokaci ka yi awon naka? Ina zargin da farkon dare ne.

Ka ce ai daren hutu ne, mutane su yi haƙuri. Hutun wa? Juma'a da Asabar hutun ma'aikacin ofis ne da ɗan makaranta. Mutanenmu da ke benen nan akwai direban da ke ɗaukar fasinja zuwa Makka tun kafin gari ya waye, akwai mai aikin asibiti da ke karɓar aiki da sassafe, akwai mai gadi. Da zafi kuma asuba a Jidda ƙarfe huɗu da 'yan mintuna take yi. Wanda kuka saki ƙarfe biyu, lissafa abin da ya rage masa. Direban nan in ya yi gyangyaɗi a hanya, ba shi kaɗai ne a motar ba.

Na san abin da ke ranka, don wani ya rubuta shi a ƙarƙashin tambayarka: a da can a Karantina da Sabil da Gulail ana kwana ana kiɗan biki, ana rawar mizmar a fili da ganguna da sanduna, ba wanda ya kai ƙara. Haka ne. Amma bikin nan na kowa ne. An kai wa kowane gida goro da katin gayyata, matan layin ne suka yi girkin, wanda bai yi barci ba yau ya san wata rana 'yarsa za a aurar shi ma a jure masa. Kwana biyu ne ko uku an watse. Tun da aka rushe unguwannin nan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 muka watsu cikin benaye, maƙwabcinka na sama Bayamane, na gefe Bamisre, na ƙasa ɗan Saudiyya, ba wanda ke bin wani bashin biki. Naku kuma kowane mako ne, kuma kasuwanci ne: riba ta shiga aljihun mai shago, rashin barci ya hau sama wurin waɗanda ba a ba ko kofin gahawa ba.

Wannan rigima ba a kanku aka fara ta ba. A Ingila gidajen kiɗa da yawa sun sha fama da mutanen da suka tare a sababbin gidaje kusa da su, sannan suka fara kai ƙara. Jihar Biktoriya ta Ostareliya a 2014, Ingila kuma a 2018, suka sa ƙa'ida a tsarin gine-ginensu cewa wanda ya kawo sauyi shi ne zai ɗauki nauyin tare ƙara. In ka gina gidaje kusa da tsohon gidan kiɗa, kai za ka kashe kuɗin toshe sauti. In ka buɗe gidan kiɗa a ƙarƙashin gidajen mutane, kai ne. Makaɗan can ne suka yi fafutukar a kafa ta don ta kare su, kuma ni na ga adalci a cikinta ta kowane ɓangare. Da Hajiya ce ta zo ta same ku, da ni zan fara ce mata ta duba kafin ta biya haya. Amma shagon nan kayan ɗaki ake sayarwa a ciki lokacin da ta tare.

Sai maganar da ba a so a yi ta a fili, zan yi ta a gajarce. Da ba umda aka kai wa takardar ba, da wani ya buga 940 ya kira baladiyya, wato hukumar birni, ko 911 ta 'yan sanda. Ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar nan, ba mikisa kaɗai za a duba ba, za a tambayi kowa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da irin aikin da aka rubuta a kanta. Kai ka san naka a daidai yake. Ka tabbata na mai ganga da yaran kicin da duk 'yan kallo haka yake? Mai shago tara zai biya ya buɗe washegari. Na sa hannu ne a takardar da za ta tsaya a teburin umda, kuma na roƙi mutanen benen su ba mu lokaci kafin su wuce nan.

Gyaran bai kai tsadar da maigidanku yake tsoro ba, in dai bai bi shawarar masu cewa a manna kwalin ƙwai ko soso a bango ba. Waɗannan amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai suke ragewa, ba sa hana sauti fita, asarar kuɗi ce. A fara da abin da ba ya cin ko riyal: a janye akwatunan bes daga kusurwa da jikin ginshiƙi, a kashe ɗaya, don shagon bai kai girman da zai buƙaci biyu ba. A ɗora wanda ya rage a kan roba mai kauri. Daga sha ɗaya a yanke sautin da ke ƙasa da 80 Hz a kan mikisa, za ka sha mamaki yadda masu shan gahawa ba za su ma lura ba. A sa na'urar ƙayyade sauti a kulle ta, makullin a hannun mai shago, don hannun mai mikisa ba abin yarda ba ne bayan tsakar dare, nawa ma haka yake. Ƙofar titi a yi mata ta biyu, yadda ba za a riƙa sakin kiɗa waje duk shigar mutum ba. In kasuwa ta yi kyau, sai a yi silin na biyu da allon jibs da audugar dutse, a rataye shi da maƙalai masu roba, a bar tazara tsakaninsa da kankare. Wannan ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai maganin abin sosai. Ganga da bes su tsaya sha biyu, in kuna so ku ci gaba da fiyano da murya a hankali, Hajiya ta ce ba ta da matsala da wannan.

Umda ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Ka zo ranar Alhamis bayan isha'i tare da maigidanku da mai mikisarku. Zan zo da ma'aunina na aiki mai ganin bes, ku kunna yadda kuka saba kunnawa ƙarfe ɗaya, mu hau sama tare kai da ni, mu riƙa ragewa har kofunan su daina motsi, a nan za mu kulle na'urar. Ba zan karɓi ko sisi ba. Ka zo da robar, irin ta ƙarƙashin injin wanki ma ta isa a fara da ita.

Ka gaida gida.

Kawunka,
daga Jidda