A Riƙa Faɗa Mana Inda Labari Ya Fito

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a nan Bauchi, tun daga zanga-zangar watan Agusta na 2024, lokacin da aka ga matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Wasu abokan zamana sun dage cewa Rasha ce ke juya yaran, wasu kuma suka ce ai Amurka ce uwar makirci, Rasha ba ta san wannan hanya ba. Ni da na yi shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, abin da ya dame ni shi ne kowa yana wanke gwaninsa, alhali a zamanin yaƙin cacar baka ƙasashen biyu sun mayar da juya tunanin mutanen wasu ƙasashe aikin gwamnati, mai ofis da ma'aikata da kasafin kuɗi.

A ranar 4 ga Afrilu 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya, Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin kafa wata hukuma ta tsara dabarun juya tunani. Mutum uku ne a kanta: mataimakin sakataren harkokin waje, da mataimakin sakataren tsaro, da shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, aka kuma naɗa Gordon Gray daraktanta na farko. Aikinta shi ne ta haɗa bakin ma'aikatun nan, ta yadda abin da jakada zai faɗa a fili da abin da ɗan leƙen asiri zai yi a ɓoye za su nufi alƙibla ɗaya. Ba ta yi ƙarko ba, domin a 1953 Shugaba Eisenhower ya rushe ta ya kafa wata a madadinta, amma aikin bai tsaya ba. A shekarar ce ma aka kafa hukumar watsa labarai ta Amurka, wadda ta riƙe ɗakunan karatu da nuna majigi a ƙasashen waje har zuwa 1999.

Kada a ɗauka abin ya tsaya can Turai. A 1950 aka kafa wata ƙungiya ta rajin 'yancin al'adu a Berlin, wadda ta riƙa tallafa wa mujallu da tarurrukan marubuta, har kuɗinta ya iso kulob ɗin marubuta da masu fasaha na Mbari da ke Ibadan da taron marubutan Afirka da aka yi a kwalejin Makerere ta ƙasar Uganda a 1962. Sai a wajen 1967 asiri ya tonu cewa CIA ce ke zuba kuɗin ta bayan fage. Marubutan da suka amfana ba 'yan kore ba ne, yawancinsu ba su ma san tushen kuɗin ba, kuma nan ne gwanintar take, domin maganar da ta fito daga bakin ɗan gida ta fi ta baƙo shiga zuciya.

Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha ta gada, ita ma tana da nata. A 1960 ta buɗe jami'ar abota a Mosko domin ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, a shekarar da ta biyo baya ta sa mata sunan Patrice Lumumba, firaministan Kongo na farko, kuma ba na musun cewa likitoci da injiniyoyi da yawa sun ƙaru da wannan karatu. Amma a cikin KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar, akwai sashe guda wanda sana'arsa ƙirƙirar takardun bogi da dasa labarai. A nan nake so ka ƙara kasa kunne, ya Edita, domin aikinsu mafi shahara ya faro ne daga irin wannan shafi da nake rubuto wa. A watan Yulin 1983 wata jaridar Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙa zuwa ga edita, ba sunan marubuci, wai daga wani babban masanin kimiyya na Amurka, tana cewa sojojin Amurka ne suka ƙera ƙwayar cutar ƙanjamau. Wasiƙar ta kwanta shiru fiye da shekara biyu. A 1985 wata jaridar Mosko ta ɗauko ta tana kafa hujja da cewa ai jaridar Indiya ce ta faɗa, daga nan wannan ta kwafa daga waccan, har zuwa 1987 labarin ya shiga jaridun ƙasashe kusan 80. A 1992 Yevgeny Primakov, shugaban leƙen asirin waje na Rasha a lokacin, ya amsa cewa aikinsu ne. Tarayyar ta rushe, amma har gobe akwai wanda zai rantse maka da wannan magana a teburin mai shayi a Wunti, bai san daga ina ta taso ba.

Mu Hausawa ba a bar mu a baya ba wajen zawarci. BBC ta fara magana da harshenmu a 1957, gidan rediyon Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, Mosko ma ta yi nata sashen. Marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan murɗa akwatinsa daga wannan tasha zuwa waccan, yana cewa ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Ba zan yi butulci ba: a zamanin mulkin soja sau da yawa daga waɗannan tashoshi muke jin abin da ke faruwa a ƙasarmu. Sai dai kowace takan faɗi sunanta da birnin da take magana kafin ta fara labari, mai sauraro ya san da wa yake yi. Saƙon murya da ake turo mana a WhatsApp da bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok ba su da wannan ladabi.

Saboda haka roƙona gare ka guda biyu ne. Idan wani ofishin jakadanci ko kamfanin dillancin labarai na wata gwamnati ya ba ku maƙala kyauta, ko ya ɗauki nauyin tafiyar wakilinku zuwa Mosko ko Washington ko Beijing ko Paris, ku rubuta haka a ƙarƙashin labarin, mu karanta da saninmu. Sannan duk wasiƙar da ta zo da babban zargi ba suna ba adireshi, a ajiye ta har a gano mai ita. Tawa dai ga cikakken sunana da lambar wayata a jikin ambulan, domin ofishinku ya tantance.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Unguwar Jahun, Bauchi