Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Barau Jibrin: A Faɗa Wa Talaka Dalilin Yaƙi Tun Kafin A Kaɗa Ganga

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a kasuwar Mil 12 nan Legas, yau sama da shekara ashirin. Mutumin Illela ne ni, mahaifiyata kuwa 'yar Konni ce, wato tsakanin gidan ubana da gidan kawunnaina akwai iyakar ƙasa, amma ba ta kai tafiyar rabin sa'a a babur ba. Kai na zaɓa in rubuta wa saboda kai ne Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, kana kuma cikin shugabannin majalisar ECOWAS, sannan maganata za ta iso maka ba sai da tafinta ba.

A watan Agustan 2023, lokacin da ake ta batun kai sojoji Nijar, wani dare muna zaune a teburin mai shayi muna jiran a gama sauke buhuna daga tirela. Mu bakwai ne ko takwas, kuma kowa da dalilinsa na wannan yaƙi. Wani ya ce Faransa ce ta ba da kwangila don kada ta rasa yuraniyom. Wani ya rantse cewa Arewa ake so a murƙushe, Nijar fakewa ce kawai. Wani yaro ɗan dako ya miƙo waya, ga muryar wani da ba wanda ya san ko wane ne, yana cewa jiragen yaƙi sun riga sun tashi. Wani dattijon direba bai ce uffan ba, shayinsa ya huce a gabansa. Sai daga baya ya ce 'yarsa tana aure a Maraɗi, ga ta da tsohon ciki.

Washegari wata Bayarabiya da ta shekara goma tana sarin albasa a hannuna ta tsaya tana kallona, ta ce: "Alhaji, idan an fara, ku kuna wane ɓangare?" Ba da mugun nufi ta yi tambayar ba, abin da ta ji a unguwarsu ta maimaita. Amma gabana ya faɗi. Wanda ya ga rikicin Hausawa da Yarabawa da ya faru a unguwar Idi-Araba a 2002 ya san cewa a garin nan irin wannan tambaya ba abin wasa ba ce.

Abin da aka bayyana a hukumance shi ne, sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ba su kwana bakwai su mayar da shi, tana dogaro da yarjejeniyar 2001 da ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba. A teburin nan babu wanda ya taɓa jin labarin wannan yarjejeniya. Ni kaina ban yarda ta isa a zubar da jini a kanta ba, har gobe. Sai dai da a ce da ita muke jayayya, da mun yi jayayya da abin da ke akwai. Mu kuwa da inuwa muka kwana muna dambe.

Ranka ya daɗe, wannan ciwo ba na marasa boko ba ne kaɗai. Amurka, da duk jaridunta da jami'o'inta, ta shiga Iraƙi a watan Maris na 2003 a kan cewa Saddam Hussein na da makaman ƙare-dangi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da sunan Nijar ɗin nan aka ƙulla wani sashe na zancen. An fito da takardu da ke nuna wai Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom daga Nijar. Tun a 2002 aka tura wani tsohon jakadan Amurka, Joseph Wilson, zuwa Yamai, ya dawo ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka Shugaba Bush ya ambaci yuraniyom ɗin Afirka a jawabinsa na Janairun 2003. Ranar 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ya ce takardun na jabu ne. Ba a yi sati biyu ba bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Aka bincike ƙasar lungu-lungu, ba a samu tarin makaman ba. Wata biyar da fara yaƙin, ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar Washington Post ta nuna kusan mutum bakwai cikin goma na Amurkawa suna ganin mai yiwuwa da hannun Saddam a harin 11 ga Satumban 2001 da aka kai Amurka, alhali cikin maharan nan 19 babu ɗan Iraƙi ko ɗaya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne, amma kafin a kai ƙarshen wannan ramin an binne sojojin Amurka kusan 4,500 da Iraƙawa dubban ɗaruruwa.

Mu Allah ya tsare mu. Sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulki ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince, ya kuma ɗora fitar da sojoji waje don faɗa a kan yardar Majalisar Dattawa. Ranar 5 ga Agustan 2023 kun ce a bi hanyar sulhu da Nijar, muka yi ta sa muku albarka. Amma a zaman sirri kuka tattauna. Sakamako muka ji, hujjojin da aka kawo muku da yadda kuka auna su sun tsaya a bayan ƙofa. Shi ya sa har yau kowa a kasuwa yana riƙe da labarin da ya kwana da shi a wancan dare, ga kuma ɗacin rufe iyaka da yanke wa Nijar lantarki, da motocin kaya da suka yi watanni a tsaye, duk sun ƙara wa jita-jitar ƙarfi.

A Disamban 2024 Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya zauna ya yi doguwar hira da Hausa, yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa. Kafin gari ya waye hirar ta shiga kowace waya a Mil 12 da Agege da Alaba Rago. Gwamnati ta musanta, har an mayar da martani da Hausa, amma wanda ya riga ka zuwa kunne ya riga ka zuwa zuciya.

Roƙona ke nan. Duk ranar da aka sake kawo muku takardar neman kai sojoji wata ƙasa, a yi muhawarar a bainar jama'a, abin da ya shafi sirrin soja kawai a ɓoye. A tilasta wa mai neman izinin ya faɗi abin da ya gani da ido da abin da yake zato, ya faɗi kuɗin da za a kashe da ranar da 'ya'yanmu za su dawo. A kuma fassara shi a ranar, a sa a rediyo da Hausa da Yarabanci da Ibo da Kanuri da Fulatanci, don ni da wannan baiwar Allah mai sarin albasa mu ji magana iri ɗaya. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma mutanensu sun cika kasuwannin Legas. Idan ka shigo garin, ka ratso Mil 12 da asuba lokacin sauke kaya, ka zauna da mu minti goma ka ji da kunnenka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani mai sayar da albasa, Mil 12, Legas.