A riƙa sa kakanni cikin shirin abincin yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron shirinku na lafiyar iyali, kuma na ji daɗin wanda kuka yi a makon shayarwa na duniya, farkon watan Agusta. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Duk nasihar da aka yi, mu matasan iyaye mata aka yi wa, alhali a yawancin gidajenmu nan Gombe ba mu ne masu ta cewa kan abin da zai shiga bakin yaro ba.

Da na haifi ɗana na fari, an ja mini kunne a asibiti cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Na tafi wankan gida Kumo ana tsakiyar zafin Afrilu. Wata safiya na fito daga wanka sai na tarar Inna ta ɗora shi a cinya tana ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali. Na ce, "Inna, likita fa ya hana." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke da me aka raine ki?" Ga nauyin uwa, ga kunyar ɗan fari, dole na ja bakina na yi shiru.

Wadda ta shawo kanta wata tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce, sa'arta, da ta zo barka. Ta zauna a tabarma suka gaisa, suka sha kunun kanwa, sannan a hankali ta nuna mata cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma dakashin da a da ake matsewa a zubar shi ne kariyar farko ga jariri. Maganar da na kasa faɗa, ita ta faɗa aka ji. A haihuwata ta biyu, Inna ce da kanta ke hana 'yan barka ba jaririya ruwa.

Ba ƙarar iyayenmu na kawo ba. Inna ce ke shanya zogale a inuwa, ita ke kwaɗa rama da ƙuli-ƙuli, kuma miyar kukarta daddawar kalwa ce ke ɗauke da ita. Mu ne muka shigo da taliyar leda da dunƙule uku-huɗu a tukunya ɗaya. Yarana ba su cin ganye sai in daga hannunta ya fito. Ko kunun da ake koyarwa don maganin tamowa, na gero da waken soya da gyaɗa, wa ya fi su sanin yadda ake soyawa a niƙa?

Amma har yau Inna na nan kan bakanta cewa yaro mai cin ƙwai sata zai koya, kuma tsokar nama kwanon maigida take fara zuwa. Wannan ba ni zan gyara shi ba.

Don haka nake roƙonku ku riƙa gayyato kakanni da surukai da ungozomomi cikin shirin, a yi da Hausa da Fulatanci, su ji daga bakin sa'o'insu. In da hali ku maimaita shi bayan sallar isha'i, lokacin ne Inna ke ajiye rediyonta kusa da matashi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Gombe