Hoto kaɗai ba ya sa wa kifi suna

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya ka tambaya: tunda kowa na da kyamara a aljihu, me ya hana masana su ɗauki hoton baƙon kifin teku su raɗa masa suna nan take? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

An taɓa gwada hanyar taka ba da gangan ba. A 1997 masanin halittun ruwa Mark Erdmann da matarsa suka ga wani ƙaton kifi a kasuwar Manado ta Indonesiya. Silakan ne, kifin da aka ɗauka ya ƙare tun zamanin dinoso, har sai da aka kamo ɗaya a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. Suka ɗauki hoto, kifin kuma aka sayar. Hoton ya nuna launin ƙasa-ƙasa, alhali na Afirka shuɗi ne. To sai me? Launi ba hujja ba ce, yana sauyawa da shekaru, da wurin zama, da ma mutuwa.

Sai a Yulin 1998 wani masunci ya kamo wani. Nan aikin ya fara. Kifi a kan tebur, ana auna kai, ana ƙirga ƙayoyin kowane fiffike ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga ɓawon jiki layi-layi, a yanki ɗan nama don gwajin ƙwayoyin gado, sannan a kwatanta da na Afirka. Gwajin ne ya raba gardama. A 1999 aka sa masa suna Latimeria menadoensis: kalmar farko ta dangin da yake tarayya da na Afirka, ta biyu tasa shi kaɗai, bisa tsarin raɗa sunayen halittu da Linnaeus, masani ɗan ƙasar Sweden, ya kafa.

Ba Erdmann ne ya sa sunan ba, tawagar wani masani Bafaranshe, Laurent Pouyaud, ce ta riga wallafawa, kuma a ƙa'ida sunan da aka fara wallafawa shi ke zama. Ni dai abin bai kwanta mini ba.

Shi kuwa kifin da aka yi bayani a kansa, ajiye shi ake yi a gidan adana samfurori, domin wanda ya yi shakka nan da shekara ɗari ya je ya sake ƙirgawa da hannunsa. Ba a juya hoto a leƙa cikin baki.

Wassalam.